Kiɗan Napoli: na gida ne ko zanen aro?

Malam Nasiru Gwale

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Da yawa daga cikinmu ba mu san birnin Napoli da komai ba sai ƙwallon ƙafa, tun daga zamanin Maradona har zuwa 2023, lokacin da Osimhen ya taimaka musu suka ɗauki gasar Italiya bayan shekara 33 suna jira. To amma akwai wani abin da garin ya daɗe da shi wanda ba mu taɓa tattaunawa a nan ba, wato wani nau'in kiɗa da ya gauraya jaz da rok da kiɗan gargajiyar yankin, wanda galibi ake rera waƙarsa da harshen mutanen garin maimakon daidaitaccen Italiyanci.

Na shafe kusan mako uku ina sauraron faifai biyu, ina gwama su. Na farko shi ne wanda ƙungiyar Napoli Centrale ta fitar a 1975 mai ɗauke da sunanta, na biyu kuwa shi ne Bani Ahead, na wata ƙungiya ta wannan zamani mai suna Slivovitz, wanda ya fito a 2011. Ba zan ɓoye muku ba, duka biyun sun ratsa ni. Sai dai akwai tambayar da ta hana ni sakat. Idan aka cire muryar James Senese, mawaƙin Napoli Centrale kuma mai busa mata saksafon, daga faifan 1975, abin da zai rage a kunne shi ne fiyano mai lantarki da jitar bes da ganguna suna bin turbar da Miles Davis da ƙungiyar Weather Report suka share a Amurka shekaru kaɗan kafin nan. Hasali ma, cikin mutum huɗun da suka yi faifan, mai fiyano, Mark Harris, Ba'amurke ne, mai jitar bes kuma, Tony Walmsley, Baturen Ingila ne. Su kuwa Slivovitz, sunan nasu ma daga yankin Balkan suka ɗauko shi, kuma kiɗansu yana yawan karkata can.

Saboda haka nake tambaya: wannan kiɗa na Napoli ne da gaske, ko kuwa baƙo ne aka sa masa hular gida? Mun dai san zanen aro ba ya rufe katara. Ina roƙon Alhaji Yakubu, tun da shi ne mazaunin can, ya fara ba mu haske.

Alhaji Yakubu Caserta

Wa'alaikumus salam, Malam Nasiru. Tambayarka tana da nauyi, kuma zan amsa ta ne ta hanyar da kiɗan ya same ni, domin a gona na fara jin sa, tun ban san yana da suna ba.

Shekarata ta farko a ƙasar nan tsinkar tumatir na yi a gonakin da ke kewayen Villa Literno, arewa da Napoli. Ana biyan mu ne gwargwadon akwatunan da muka cika, muna fita tun kafin rana ta ɓullo, mu yi ta aiki a duƙe har bayan mutum ya ƙi miƙewa, sannan wanda yake kwasar mu a mota ya cire nasa kason kafin kuɗin su iso hannunmu. Akwai wani dattijo ɗan yankin da yake tuƙa tarakta, yana da 'yar rediyo mai cin kaset ɗaure da waya a jikin kujerarsa, kuma kusan kullum waƙa ɗaya yake maimaitawa. Wani mutum ne yake rera ta da murya mai kaushi, kamar mai sa-in-sa a tsakiyar kasuwa, yana kai aya sai saksafon ya karɓa da irin wannan kaushin, har ba ka iya cewa ga inda murya ta tsaya busa ta fara. A lokacin ko Italiyanci ban iya ba, balle harshen Napoli. Sai da na yi kusan shekara biyu kunnena ya buɗe, na gane ashe waƙar Campagna ce ta Napoli Centrale, kuma abin da take faɗa shi ne karkara tana da kyau, amma kyanta na mai gona ne da 'ya'yansa, shi kuwa ɗan ƙodago rabonsa gumi da ciwon baya. Ranar da na gane wannan na zauna a bakin magudanar ruwa na yi shiru na ɗan lokaci, domin an yi ta ne a kan manoman Italiya tun kafin mu zo ƙasar, amma ta same mu daidai wa daida.

Game da maganar aro, ya kamata a san waye Senese. An haife shi ranar 6 ga Janairun 1945 a unguwar Miano. Sojojin ƙawance sun shiga Napoli ranar 1 ga Oktoban 1943, bayan mutanen garin sun yi kwana huɗu suna fafatawa da sojojin Jamus a tituna. Mahaifinsa baƙar fata ne, sojan Amurka daga jihar Karolina ta Arewa, wanda ya koma ƙasarsa yaron yana ƙarami ƙwarai, mahaifiyarsa kuwa 'yar Napoli ce. Irin waɗannan yara ruwa biyu sun yi yawan da har aka yi waƙa a kansu a 1944, Tammurriata nera, wadda har gobe babu wanda bai san ta ba a nan. Abokinsa Mario Musella, wanda suka yi ƙungiyar Showmen tare a shekarun 1960, shi ma ɗan sojan Amurka ne. To Malam, mutumin da jaz ya zame masa muryar uban da bai sani ba, harshen Napoli kuma ya tsotse shi a nonon uwa, ta yaya za a ce ya yi aro? Gado ya ci ta ɓangare biyu.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Bayan yaƙi Amurkawa ba su tafi ba, an kafa sansanin NATO a Bagnoli, ga jiragen ruwan yaƙinsu suna yada zango a tashar garin. Samarin makaɗa a gidajen rawa na bakin tashar suke neman abinci, suna yi wa sojojin irin kiɗan da suke so, kuma ta nan faya-fayan Amurka suka riƙa shigowa. Sunan ƙungiyar Napoli Centrale ma sunan babbar tashar jirgin ƙasa ne, wadda take bakin dandalin Garibaldi, inda yau za ka ga 'yan Senegal da Najeriya da Ghana da Bangaladash sun kasa kaya. Da Senese ya mutu a ƙarshen Oktoban 2025 yana da shekara 80, wata tsohuwa maƙwabciyata ta tare ni a matakala idonta ya yi ja, ta ce mini ɗansu ya tafi. Ba ta taɓa sauraron Miles Davis ba a rayuwarta.

Hajiya Rabi Damagaram

Sannu da ƙoƙari, Alhaji. Allah ya sa wahalar da kuka sha ta zama kaffara. Labarinka ya taɓa ni, amma ka yi haƙuri in ce ta wani gefen ya ƙarfafa maganar Malam Nasiru, domin abin da ya zaunar da kai a bakin magudanar ruwa kalmomi ne. Ni a ganina harshe shi ne ginshiƙin wannan al'amari duka.

Daidaitaccen Italiyanci kusan kowace kalma da wasali cikakke take ƙarewa, shi ya sa ya dace da waƙa mai jan murya. Harshen Napoli kuwa yana raunana wasalin ƙarshe, sau da yawa ma yana haɗiye shi, sai kalmar ta tsaya cak, kuma wannan gajarta ita ce ta ba shi damar zama daram a kan bugun buluz da jaz ba tare da an murɗe shi ba. Mu Hausawa mun san wannan matsala ta ɗaya fuskar: duk wanda ya taɓa jin an tilasta baitin Hausa a kan kiɗan da ba nasa ba, har aka karya karin sauti aka taƙaita dogon wasali, ya san yadda ma'ana take tsinkewa. Abin lura kuma shi ne, baitocin Napoli Centrale mai gangunansu ne ya riƙa rubuta su, Franco Del Prete, wato mutumin da yake jin kowace gaɓa a matsayin bugu.

Idan haka ne, tambayata ga Dakta Umar ita ce: faifan Slivovitz da Malam ya ambata babu waƙa a cikinsa, kiɗa ne zalla. Idan harshe ya fita, me ya rage na Napoli?

Dakta Umar Maraɗi

Hajiya, ranki ya daɗe, bayaninki a kan wasali daidai ne, amma harshe ba a baki kaɗai yake zama ba, yana sauka cikin hannu da numfashi. Bari in fara da ganga. A ƙauyukan da ke kewayen dutsen Vesuvio akwai abin kiɗan da suke kira tammorra, wanda in Bakano ya gan shi zai ce bandiri ne: zagayayyen katako mai faɗi, an rufe fuska ɗaya da fatar akuya, sai dai su sun ƙara masa 'yan faranta na gwangwani a gefe masu kacau-kacau. Ana riƙe shi da hannu ɗaya ana girgizawa, ana bugawa da ɗayan, mutum biyu suna rawa fuska da fuska, mawaƙi kuma yana jefa baiti da murya sama. Akwai kuma wani salon rerawa da suke kira fronna, wanda ba a raka shi da wani kiɗa, mutum ne kawai yake jan murya ta yi nisa, tana lanƙwasa tana saukowa a hankali, dangin kiran masu talla a lungunan garin. Duk wanda ya saurari waɗannan biyun sannan ya koma ga busar Senese zai ji cewa, ko da yake wajen John Coltrane ya koyi yadda ake sakin saksafon ya yi kuka, inda yake yanke numfashi da yadda yake dirowa a ƙarshen jimla na mai fronna ne.

Sannan Malam Nasiru ya tsallake wani reshe mai muhimmanci, wato rok na dogon zango, irin wanda ake gina kiɗa ɗaya ya cinye fuskar faifai guda yana sauya kari da yanayi. A Napoli ƙungiyar Osanna ce ta ɗauki wannan tuta tun 1971, da Lino Vairetti a murya, Danilo Rustici a jita, Elio D'Anna a sarewa da saksafon, kuma suna hawa dandamali da fuska a fente. Faifansu na 1973 sun sa masa suna Palepoli, ma'ana tsohon birni, sunan da aka san asalin Napoli da shi tun zamanin Girkawa. Manyan sassansa biyu kowanne yana kai-kawo wajen minti 20, kuma ba a yi nisa da farawa ba za ka ji hayaniyar titi da rawar tarantella da harshen garin sun kutso cikin jita mai ƙara. Babu shakka sun saurari King Crimson da Jethro Tull na Ingila, amma Turawan Ingila ba su da wannan titin.

Kada kuma a manta da yanayin lokacin. A 1973 aka yi annobar kwalara a Napoli, abin da ya sa sauran Italiya suka ƙara raina garin. A wannan tsakanin ne Roberto De Simone yake bin ƙauyuka yana tattara waƙoƙin gargajiya yana mayar da su dandamali tare da ƙungiyar Nuova Compagnia di Canto Popolare, a 1974 kuma ma'aikata a Pomigliano d'Arco, garin masana'antar motocin Alfasud, suka kafa ƙungiyar E Zezi, suna rera kokensu na aiki a kan bugun tammorra. A cikinsu Daniele Sepe ya fara yana yaro matashi, kafin ya zama ɗaya daga cikin masu busa saksafon mafi faɗin hannu a garin. Saboda haka masu jaz da masu rok da masu gargajiya a rijiya ɗaya suke ɗibar ruwa, kuma abin da ya kai su bakinta shi ne gajiya da rainin da ake yi wa harshensu da talakawansu. Zan dawo kan Slivovitz, amma ina so Malam ya fara cewa wani abu.

Malam Nasiru Gwale

Na gode, Dakta, na gode, Alhaji. Na janye kalmar aro a kan Senese, domin ba ta dace da shi ba. Na kuma tuna wani abin da yake rusa hujjata da kansa. Mawaƙi Pino Daniele, wanda ya taɓa riƙe wa Napoli Centrale jitar bes yana saurayi kafin faifansa na farko a 1977, ya sa wa faifansa na 1980 suna Nero a metà, wato rabin baƙi, ya sadaukar da shi ga Musella da ya mutu a 1979. Ranar 19 ga Satumban 1981 ya tara mutanen da aka ƙiyasta sun kai 200,000 a dandalin Plebiscito, ga Senese a saksafon, Tullio De Piscopo a ganguna, Tony Esposito a kayan kaɗe-kaɗe, Joe Amoruso a fiyano, Rino Zurzolo a bes, kuma wannan ƙasa da shekara guda ke nan bayan girgizar ƙasar Nuwamban 1980 da ta jijjiga yankin. A 1982 kuwa Wayne Shorter, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Weather Report ɗin da na ce an kwaikwaya, shi da kansa ya yi busa a faifan Pino mai suna Bella 'mbriana. Mai kaya ba ya zuwa ya zauna a inuwar wanda ya ɗauke masa kaya.

Amma ban janye duka ba. Duk abin da kuka kawo na shekarun 1970 da farkon 1980 ne, lokacin da akwai yunwa da fushi a cikin kiɗan. Tambayata ta koma kan na yanzu: suna da wannan jinin, ko kuwa suna sanye da rigar kakanni ne kawai?

Bashir Kaduna

Iyayena da yayyena, ku ba ni dama in sa baki, domin ni ta ƙofar 'yan yanzu na shigo wannan kiɗa. Ina aikin haɗa sauti a wani ƙaramin situdiyo, kuma abin da ya kai ni Napoli shi ne Tony Allen, mai gangunan Fela. A 2016 wasu matasa biyu 'yan Napoli, Massimo Di Lena da Lucio Aquilina, suka fitar da faifan da suka gina a kan bugun gangunansa, The Tony Allen Experiments. A lokacin sunansu Nu Guinea, daga baya suka mayar da shi Nu Genea. Suna zaune a Barlin ne suka yi Nuova Napoli a 2018, kuma duk wanda ya ji shi ya san kewar gida ce ta haife shi: sun koma ga sautin su Senese da Tony Esposito da De Piscopo, suka nemo irin fiyano da na'urorin wancan zamani, suka sa aka rera da harshen garin. A Bar Mediterraneo na 2022 suka ƙara buɗe ƙofa, har da Marzouk Mejri, ɗan Tunisiya mazaunin Napoli, yana rerawa da Larabcin ƙasarsu.

Abin da nake so Baba Malam ya lura da shi shi ne, waɗannan ba jama'a biyu ba ne. Pietro Santangelo mai saksafon da Marcello Giannini mai jita, waɗanda suke cikin Slivovitz, sun yi aiki da Nu Genea. Mutanen da suke kiɗa mai wuyar ƙirga a ƙaramin ɗaki su ne kuma suke sa dubban matasa rawa a fili. Ni da nake zaune gaban kwamfuta kullum ina jera bugu da linzami, abin da ya fi girgiza ni shi ne jin yadda mutum bakwai ko takwas suke numfashi tare, bugun yana ɗan jinkiri yana ɗan gaggawa kamar tafiyar mutum, abin da na'ura ba ta ba ni.

Alhaji Yakubu Caserta

Ɗana Bashir, Allah ya yi maka albarka, ka yi bincike. Nu Genea ana jin su ko'ina a nan, a shagunan shayi da bakin teku, 'ya'yana ma suna son su. Amma zan faɗi abin da yake raina. Kiɗansu yana da daɗi, kuma an yi shi da gwaninta, sai dai Napolin da nake ji a cikinsa ta masu yawon buɗe ido ce, ta rana da teku da lemo. Gonakin da na yi aiki suna nan, kuma har yanzu akwai masu duƙawa a cikinsu. A Villa Literno aka kashe Jerry Masslo, ɗan gudun hijira daga Afirka ta Kudu, a watan Agustan 1989, shi ma tsinkar tumatir yake yi. A Castel Volturno, inda dubban 'yan Najeriya da Ghana suke zaune, Miriam Makeba ta yi waƙarta ta ƙarshe a Nuwamban 2008, ta faɗi bayan ta sauka daga dandamali. Wannan ƙasar ce Senese ya yi wa kuka, kuma ina neman wanda zai ci gaba da yi mata.

Wanda na fi jin wannan a wurinsa cikin masu rai shi ne Enzo Avitabile. Ya yi karatun sarewa a makarantar kiɗa ta San Pietro a Majella, yana busa saksafon, amma ya je ya ɗauko masu bugun ganga na Portico, kusa da inda nake zaune. Gangar da nake nufi ba ta fata ba ce. Manyan gangunan katako ne na ajiyar ruwan inabi, da bahon katako, da lauje. Kowace shekara wajen 17 ga Janairu ake bikinsu, kuma na sha tsayawa a bakin hanya ina kallo: an ɗora samari da yawa a kan doguwar mota, wasu suna dukan gangunan da kulake, wasu baho, wasu suna buga ƙarfe a jikin lauje, shugabansu yana gaba yana ba da umarni, ƙarar tana shiga ƙirjinka tun kafin motar ta iso. Kayan aikin gona ne zalla. Avitabile ya ɗora saksafon a kan wannan a faifansa na 2004, Salvamm' 'o munno, ya gayyato Manu Dibango na Kamaru da Khaled na Aljeriya da Hugh Masekela. A wurina nan jinin yake.

Hajiya Rabi Damagaram

Alhaji, ina girmama abin da idonka ya gani, amma ban yarda a ce sai kiɗa ya yi kuka sannan ya zama na gaskiya ba. Garin da aka daɗe ana kwatanta shi da shara da 'yan daba yana da haƙƙin ya rera farin cikinsa da bakinsa. Kuma ka duba abin da waɗannan matasa suka cim ma: yaran da a makaranta ake nuna musu cewa harshen gidansu na marasa ilimi ne, yau suna ganin mutanen Faransa da Jamus suna ƙoƙarin furta shi a wajen rawa. Mu da muka yi karatu da Faransanci a Nijar, aka riƙa hukunta yaro don ya yi Hausa a aji, mun san abin da wannan yake nufi. Pino Daniele kansa bai tsaya a fushi ba, a 2001 ya yi Medina, ya juya fuskarsa ga arewacin Afirka da Mali, har da Salif Keita a ciki, kuma babu wanda ya ce ya bar gida.

Har yanzu dai Dakta bai biya ni bashin amsata ba.

Dakta Umar Maraɗi

Ga shi zan biya, Hajiya. Slivovitz sun haɗu a Napoli a 2001, kuma kamfanin MoonJune ne ya fitar da faya-fayansu da suka fi shahara, Hubris a 2009, Bani Ahead a 2011, All You Can Eat a 2015. Abin da ya fara bambanta su shi ne jerin kayan da suke sa wa a gaba: saksafon da ƙaho da biyolin, wato gogen Turawa, da hamonika, ɗan ƙaramin abin busa na baki da aka fi sani a buluz. Waɗannan huɗun sukan ɗauki jimla ɗaya su faɗe ta tare, jita mai kaushi da ganguna suna tura su daga baya. Abin da Malam ya ji na Balkan gaskiya ne, kuma a ƙirga yake. Yawancin kiɗan da kunnenmu ya saba da shi ana raba shi huɗu-huɗu ko shida-shida, su kuwa mutanen Balkan suna da kari mai bugu 7, biyu da biyu da uku, ko mai 9, sai ka ji kamar mai tafiya yana ɗan jan ƙafa ɗaya a kowane zagaye.

Shin wannan ya fitar da su daga Napoli? Ni ban ga haka ba. Garin ya zauna ƙarƙashin Girkawa da Rumawa da Faransawa da Sifaniyawa, tasharsa kuma ba ta taɓa rufewa ba, don haka karɓar baƙon kari ba sabon abu ba ne a wurinsa. Abin da nake saurare shi ne yadda suke riƙe baƙon. Makaɗan biki na Balkan sukan yi gudu da adon busa mai yawa, su kuwa waɗannan sukan tsaya a tsakiyar guguwar su saki wata doguwar jimla mai taushi, irin wadda za ka iya rerawa da baki bayan ji ɗaya, kuma son waƙa mai zama a kunne ko a tsakiyar hargitsi shi ne halin da na sani na wannan gari tun daga tsofaffin waƙoƙinsa. Na yarda da Hajiya cewa wannan hujja ta fi ta harshe rauni, domin kunne ne shaidarta, kuma kunnuwa sukan saɓa. Malam Nasiru yana iya sake sauraro ya ce bai ji ba, ba zan ga laifinsa ba.

Malam Nasiru Gwale

Zan sake sauraro a daren nan, Dakta, wannan karon ina ƙirga biyu, biyu, uku da yatsuna, in ga ko zan tsinci jimlar da kake nufi. A kan Avitabile ina tare da Alhaji, a kan Nu Genea kuwa Hajiya ta sa ni tunani, amma ban sauka ba tukuna.

Bashir Kaduna

Baba Alhaji, ina da roƙo. Tun da Dakta ya kwatanta tammorra da bandiri nake so in ajiye su gefe da gefe a situdiyo, in naɗi kowanne shi kaɗai, in ji inda suka haɗu da inda suka rabu. Ana samun ta a kasuwa, ko sai an sa a yi wa mutum?

Alhaji Yakubu Caserta

Ana samu, ɗana. A titin San Sebastiano, kusa da makarantar kiɗan da na ambata, akwai shagunan kayan kiɗa, amma waɗanda suka fi kyau a wajen masu yin su da hannu ake samu, kuma suna kawo su bikin garin Pagani da ake yi mako guda bayan Ista, inda ake kwana ana bugawa a tsakar gidaje har wayewar garin Litinin. Zan je bana in Allah ya kai mu, in zaɓo maka mai matsakaicin faɗi, domin babbar tana gajiyar da wuyan hannun wanda bai saba ba. Faranta na gefen daga gwangwanin abinci ake yanko su, sau da yawa na tumatir, don haka kada ka ga tsatsa-tsatsa ka ce za ka canza su, sautin a nan yake. A nan damuwarsu laima ce, sukan kara fatar kusa da wuta kafin ta yi magana, amma kai a Kaduna hunturu ne abin tsoronka. Idan iska ta bushe ka riƙa shafa mata ɗan ruwa da tafin hannu kafin ka buga, kuma kada ka bar ta a rana ko a cikin mota. Ka turo mini sunan wanda zai karɓa a Kano ta akwatin sirri, akwai mai zuwa gida bayan Sallah.